Ranar da Muka Fita Tarbar Motocin Agaji

Ranar Laraba na tashi da marin Inna, don ta kama ni ina lasar ƙasan tukunyar kunu. Ba sabon abu ba ne. A tungarmu da ke bayan Rimawa kowa ya san ni, Saratu: in aka ajiye abu mai zaƙi aka juya baya, sai dai a wanke kwano.

Da damina ne, gero ya fi mutum tsawo. Ƙanena Isiya yana kwance a kan tabarma, ƙafafunsa sun kumbura, gashinsa ya yi ja. Tamowa ce. Da can akwai ɗakin magani a garinmu inda ake ba irin waɗannan yara wata gyaɗa mai madara a cikin leda. Na taɓa satar lasa sau ɗaya, na ji kamar in yi tamowa da gangan. Sai gwamnatin ƙasar waje da ke biyan kuɗin ta ce ta gaji. Aka sa wa ɗakin kwado, awaki suka maida barandarsa wurin kwana.

Sai ga labari wai wata ƙasar ta aiko da motoci, za su shigo mana ranar Laraba da gyaɗar da allurai. Mai gari ya ce baƙin da suka ƙetaro teku ba za a tarbe su a zaune ba. Al'adarmu ce a fita bayan gari da kiɗa da fura. Ya sa aka yi shela a kasuwa, kowa ya ji, har da wanda bai kamata ya ji ba.

Da hantsi gari ya zube a bakin hanya. Gwaggo Dije ta shafa hodar da za ta isa a yi wa ɗaki biyu farar ƙasa. Inna ta ɗaura zanenta na sallah, ta goya Isiya. Kawu Mamman makaɗi ya rataya kalangu, shi da yaransa uku. In Kawu ya sa hannu, na rantse har mutanen Nijar suna gyara tsayuwa. Ni kuma ina gaba ina rawa, ina kwaikwayon yadda zan gaida Bature da hanci.

Abin da ya daɗe yana tsare mu shi ne kunne. Malam Buba, tsoho ne da idonsa ya mutu, yana wuni a gindin tsamiyar masallaci. Yakan ji ƙarar baburan 'yan bindiga tun suna nesa, sai ya buga wani tsohon ƙarfen taya da aka rataye masa, kowa ya faɗa cikin gero. Haka muka tsira sau da yawa. Ran nan kalangu huɗu suna tashi. Malam Buba bai ji komai ba. Mu ma ba mu ji ba.

Rana ta ɗaga sosai sai muka hango tsuntsaye sun tashi daga wajen kwalbati. Wani ya ce ga su nan. Mata suka rangaɗa guɗa. Kawu ya ƙara wa kalangu wuta. Muka matsa gaba, mu da kanmu, muna tafi.

Babura ne. Mutum uku uku.

Harbin farko ya yi kamar an fasa busasshen kara. Na biyu ya kashe kalangun Kawu. Sauran ukun suka yi shiru su ma. Ƙwaryar fura ta kife, na taka ta na zame.

"Ku kwanta! Kowa shi kwanta!"

Inna ta kwance goyo ta cusa mini Isiya a ƙirji.

"Ɗauki ƙanenki! Tahi cikin hatsi! Kada ki waiga!"

Na waiga. Wani mai jan rawani ya riƙe ta a wuyan riga. Yana da tabo daga kunne zuwa haɓa, haƙorinsa ɗaya na gaba ya karye. Yana dariya. Na haddace fuskar nan fiye da yadda na haddace karatun allona.

Na kutsa cikin gero. Ganye yana yankar fuskata. Na kwanta a cikin kunyar gero, laka har kunne, na sa hannu zan toshe bakin Isiya. Ba a bukata. Ba shi da ƙarfin kuka. A lokacin ne na ji ƙarfen Malam Buba, ƙwal, ƙwal, ƙwal. Sai harbi ɗaya. Ƙarfen bai sake magana ba.

Azahar ta yi, ba a kira salla ba. Warin dawa mai ƙuna ya cika gonar, na san rumbuna ne. Na ji kukan shanu ana kora su, da kukan mata a bayansu, yana nisa, yana nisa.

Da la'asar na miƙe na nufi gulbi. Isiya ba shi da nauyin kaza, amma hannuna ya mutu. A bakin ruwa na tarar da Gwaggo Dije, hodarta ta zama laka, takalmi ɗaya a ƙafa. Wani masunci ya tura kwalekwalensa cikin ciyawa.

"Ku shiga! Ku sunkuya!"

Muka kwana a zauren wani bawan Allah. Da gari ya waye mai amalanken albasa ya ɗauke mu zuwa Goronyo.

Motocin suna nan. Farare tas, a jere cikin filin wata makaranta, da tutar ƙasarsu a jikin ƙofa. Ko laka ba su taka ba. Wata ma'aikaciya, 'yar Wurno ce, ta gaya wa Gwaggo tun ranar Talata aka hana su sauka daga kwalta, wai hanyarmu ba ta da tsaro. Sun yi ta kiran mai gari, waya ba ta shiga. Tana faɗa tana share hawaye. Ba ni da faɗa da ita.

Ta ɗaura wa Isiya wani ɗan ma'auni a damtse, ya tsaya a kan ja. Ta yage bakin ledar gyaɗar nan ta miƙo mini. Na lakata da yatsa na sa masa a harshe. Na ce masa ga abin da muka yi wa rawa. Bai haɗiye ba. Aka ɗaura masa ruwa. Kafin la'asar aka cire.

Yanzu muna zaune a ajin makarantar. Mutane suna zuwa suna cewa a yi haƙuri. Ina cewa to. Amma ban yafe ba. Ban yafe wa mai jan rawani ba. Ban yafe wa Lado mai cajin waya ba, wanda ya kwashe awakinsa da matarsa ya bar gari ana gobe Laraba, wai za shi biki Rabah. Ban yafe wa wanda ya zauna a ƙasarsu cikin sanyin fanka ya sa aka rufe ɗakin maganinmu ba, don da yana buɗe da ba mu fita bakin hanya muna rawa ba. Ban san sunansa ba. Allah ya sani. Duk salla ina kai su ƙara ɗaya bayan ɗaya, kuma ba na gaggawa. Kullum ina zana fuskar mai tabon a ƙasa da tsinke don kada ta ɓace mini. Ranar da aka kama shi, ni zan fara nuna shi, ko da an aske shi an sa masa hijabi.

Waɗanda muka rasa: Kawu Mamman. Malam Buba. Mai gari da ɗansa. Isiya. Inna tana daji, ba mu ji komai ba tukuna.

Ledar tana cikin ɗankwalina, bakinta a yage, yatsa ɗaya kawai aka ɗiba. Ban lasa ba.