Albasar da Ba Ta Ruɓewa

Muna aji uku a jami'a, sashen aikin jarida, aka tura ni Goronyo in rubuto labarin manoman albasa. Sai da na yi sawu huɗu a kan babur ɗin kabu-kabu, bayana kamar zai karye, kafin wani dattijo ya yarda ya nuna mini yadda albasarsa ke ruɓewa a ma'ajiya tun kasuwa ba ta yi kyau ba.

Da jaridar sashenmu ta fito, na kai masa. Malaminmu ya yanke zancen ruɓar kaf, ya bar hoton tsibin albasa mai sheƙi.

Dattijon ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, ashe cikin takarda albasa ba ta ruɓewa? Da mun sani, da nan munka zuba tamu."