Maganin da Malam Ya Kawo a Aljihu

Ban iya karatu ba, balle rubutu. Jikata ce ke riƙe da biro ina faɗa, kuma na ce mata ko inda ya shafe ta kada ta tsallake.

Wata biyu da fitata takaba, ɗana na fari ya sa aka kawo ni Kuala Lumpur, inda yake koyarwa a jami'a. Gidansu a unguwar Cheras yake, hawa na goma sha huɗu. Babu tsakar gida, babu katangar da za ka leƙa maƙwabciya. Sai in tashi daga ɗaki in je taga, in dawo kujera, in sake komawa taga. In ruwan la'asar ya sauko, sai in tuna yadda maigidana Malam ke gaggawar naɗe buzunsa in hadari ya taso, in yi ta kuka. Ba na ɓoyewa. Zaman shekara arba'in da shida ba wasa ba ne.

A wannan kai-kawon na lura da yarinyar nan, jikar tawa. Shekarunta sha shida. Sai ta yi sati biyu ba ta salla, ta yi wanka, kwana kaɗan ta sake ajiyewa. Leɓenta ya yi fari, tafin hannunta ma haka. Na ce, "Ke 'yar nema, ko dai sallar ce ta gundure ki?"

Ta ce da irin bakin mutanen garin, "Kaka, ki bar ni lah. Ke da ba ki da aiki sai gadin taga."

Ran nan aka dawo da ita daga makaranta, ta yanke jiki ta faɗi. Uwarta tana jego, uban yana wurin aiki, sai ni aka haɗa da ita zuwa asibiti a jirgin ƙasan nan da ke bi ta saman gada.

Likitar Ba'indiya ce mai furfura. Suka yi ta Turanci, yarinyar tana mayar mini da Hausa. Jininta ya yi ƙasa sosai, in ji likitar. Sai ta jawo durowa ta fito da wani katin magani don ta nuna mana. Ƙananan ƙwayoyi a jere, da 'yar kibiya tana bin su, layin ƙarshe launinsa daban. Ban san harafi ko ɗaya ba, amma wannan na san shi. Maganin tazarar haihuwa ne.

Likita ta ce shi zai tsayar da yawan zubar. Amma tunda yarinyar ba ta kai sha takwas ba, ba za ta ba ta ba sai an sa mata hannu. Na miƙa babban yatsana. Ta yi murmushi ta ce sai uba ko uwa.

A hanya yarinyar ta ce, "Jinin nawa, ciwon nawa, amma sai wani ya yarda." Can kuma ta ce, "Wata 'yar ajinmu ta ce akwai inda ake saya ba tambaya." Wannan maganar ta fi faɗuwar da ta yi tayar mini da hankali.

Uban ya ƙi. Daga ɗaki nake jiyo shi yana ce wa matarsa, "Maganin hana haihuwa ga yarinyar da ba ta yi aure ba? In matan mutanenmu na nan suka ji, kafin Juma'a labari ya isa Kano. A ba ta hanta da alayyafo."

To, shi ɗan fari ne. Tunda na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba. Uwar mijina ce ta yaye shi ta raine shi. Tsakanina da shi sai gaisuwa. In ina son abu, matarsa nake gaya wa. Ta ina zan tare shi da zancen jinin mata? Na roƙi matar, ta ce, "Mama, wallahi ya rufe maganar." Kwana uku ina zirga-zirga. In nufi falo, in tsaya bakin ƙofa, in juyo. Yarinyar kuwa tana kwance, ko makaranta ba ta zuwa.

Ran Asabar da hantsi yana zaune a falo yana danna kwamfuta. Na ɗauko jaririn, wanda aka sa wa sunan marigayi, na zauna na ba uban baya.

Na ce, "Kai mai sunan Malam, buɗe ido in ba ka labarin mai sunanka. Da na yi haihuwa ta bakwai, jini ya kusa tafiya da ni. Mutumin nan da ke jan salla a masallacin unguwa ya hau kekensa ya tafi asibitin cikin gari. Ya dawo da wani kati a aljihun rigarsa, ya tura ƙarƙashin matashina. Shi ya koya mini bin kibiyar da yatsa, kullum ɗaya. Ya ce ba zai zauna yana kallo in ƙare don tsoron bakin mutane ba. Ya ce wannan tsakaninmu ne. Shekara huɗu ina sha, ko uwarsa ba ta sani ba. Irin katin na gani a hannun likitar yayarka."

Kuka ya ci ƙarfina. Na ji ƙarar dannawa ta tsaya. Ya ce, "Hajiya..." Ya tashi ya sa takalmi ya fita, bai dawo ba sai bayan la'asar.

Ran Litinin bai tafi aiki ba. Ya tsaya bakin ɗakin 'yarsa ya ce, "Ɗauko hijabinki." Shi ya kai ta, shi ya sa hannu.

Wata huɗu ke nan. Leɓenta ya dawo, har tana tsere da ni wajen alwala. Uban kuma in ya zo gaisuwa yakan daɗe a durƙushe, kamar zai yi tambaya, sai ya tashi.

Ni dai ban zauna ba. Malam ya ce tsakaninmu ne, na riƙe shekara talatin, ga shi na faɗa a falo, yanzu kuma ina sa a rubuta. Ban san ko zai ce na kyauta ba. Yarinyar ta ɗago kai yanzun nan ta ce, "Kaka, in goge wurin?"

Na ce ta bari. Allah Ya jiƙan Malam. Ajiye biron, hadari ya haɗo, zan je taga.