Yatsa Biyu Daga Bakin Bututu

Vendelin Šustek ya rasu a bazarar bara, kuma tun daga lokacin, duk wanda bindigarsa ta sami matsala a ƙauyenmu sai ya ɗauke ta zuwa birnin Brno. Ɗakin aikinsa yana bayan gida, tsakanin rumbun itace da kejin zomayen matarsa Ludmila, tagarsa kuwa tana kallon farin bangon coci. Ba don ibada ya zaɓi wannan taga ba. Idan aka kawo masa bindiga, yakan kwance ta, ya ɗaga bututun, ya leƙa ta cikinsa zuwa ga bangon, domin a cewarsa babu fitilar da ke tona asirin ƙarfe kamar farin bango da hantsi ya haska. Saboda haka ba ya karɓar aiki da yamma, ko da wane ne ya zo.

Ƙuruciyarsa a masana'anta ta ƙare, a gaban injin sassaƙa ƙarfe. Da ya yi ritaya sai ya sayi tsohon injin da ya saba da shi, ya nemi lasisi, ya zama maƙerin bindigoginmu. 'Yarsa ta zauna a ajina lokacin da nake koyarwa, amma ba a nan muka shaƙu ba. A tsohon ramin yashi muka shaƙu, inda mu dattawa muke haɗuwa kowace Lahadi bayan coci, muna harbin takarda da ƙananan bindigoginmu masu ɗan siririn harsashi, irin waɗanda muka koyi harbi da su tun muna samari.

Gwaninmu shi ne Rostislav Macháň, mai kiwon zuma. Bindigarsa ta gado ce, kuma ɗan ƙarfen saitin da ke bakinta mahaifinsa ne ya goge shi da hannunsa har ya yi siriri kamar ƙaya.

Sai aka gina sababbin gidaje a gefen ramin. Mutanen birni suka tare, suka kai kuka cewa ƙararmu tana hana jariransu barci. Ban ga laifinsu ba. Majalisar ƙauye ta yanke cewa ko dai kowa ya sa wa bindigarsa salansa, wato abin rage ƙara, tunda doka ta halatta wa mai lasisi, ko kuma a rufe wurin. Sa salansa kuwa yana bukatar a yanka wa bakin bututu zare irin na noti, wanda za a murɗa ta a kai. Duk muka jera bindigoginmu a wurin Vendelin, shi kuwa ya ci gaba da aikinsa a sannu, kamar babu mai jira.

Rostislav bai da haƙuri. Ya ce masa, "Kai tsoho, kafin ka zo kaina ai an binne ni."

Vendelin ya ce, "To ka bar wasiyya, sai in saka maka ita a akwatin."

Rostislav ya ɗauke bindigarsa ya kai wa mijin 'yarsa, makanikin tarakta, mutum mai hannu mai kyau, wanda ya gama aikin kafin shayi ya huce. Zaren ya fito sumul, salansa ta zauna daram.

Ranar Lahadi Rostislav ya kwanta ya harba. Harsashi ɗaya ya tafi hagu, ɗaya ƙasa, wani ma bai taɓa takardar ba. Muka yi masa dariya, har wani ya ce ko zumar ce ta sauka masa a ido. Mako ya zagayo, abin bai sauya ba, dariyar kuma ta ƙare. Ya naɗe tabarmarsa ya ce da ni, "Malam, hannun ya tafi. Haka ya faru da babana, rana ɗaya." Daga nan bai sake zuwa ba. Matarsa ta gaya wa Ludmila cewa yana shirin miƙa lasisinsa, kuma ranar Lahadi ba ya tashi daga kujera.

Ludmila ta kai wa Vendelin labari. Da safe ya biyo mini, muka tafi gidan Rostislav.

Vendelin ya nuna bindigar ya ce, "Miƙo ta nan."

"Ba ita ba ce, ni ne."

"Kai wa ya tambaye ka? Tun yaushe ka san ciwon kanka, balle na bindiga?"

Da muka koma ɗakin aiki, Vendelin ya shafa bakin salansar da ɗan yatsa, ya nuna mana toka-tokan darma a gefe guda. Ya leƙa zuwa ga bangon coci, sannan ya miƙa wa Rostislav. Hasken da ya kamata ya zama da'ira ya fito da ɓari ɗaya a cinye, kamar wata kafin ya cika.

Vendelin ya ce, "Surukinka ya daidaita injinsa da bayan bututu, yadda ake yi wa ƙarfen tarakta, kuma a can daidai ne. Amma ramin tsofaffin bindigogin nan ba a tsakiya yake ba. Harsashi ramin yake bi, ba bayan ba, shi ya sa yake gogar salansa kafin ya fita. Hannunka ƙalau yake, kanka ne dai ban tabbatar ba."

Gyaran guda ɗaya ne, wato a yanke yatsa biyu daga bakin bututun a sake zare. A kan yatsa biyun nan kuwa ƙarfen saitin mahaifinsa yake, an riga an ci gindinsa da zaren farko, ba ya ciruwa. Rostislav ya daɗe yana murza shi da babban yatsa.

"In na bar ta haka fa?"

"Sai ka rataye ta a bango, ka zauna kana kallonta, mu kuma mu huta da cika-bakinka."

Rostislav ya juya wa injin baya ya ce, "Yanke. Amma kada ka jefar."

Lahadin da ta biyo baya ya zo da sabon ƙarfen saiti, wanda Vendelin ya bar shi da kauri da gangan domin Rostislav ya goge abinsa da kansa. Ya harba, ramukan suka taru a wuri ɗaya, har farcen babban yatsa zai rufe su. Bai yi murna a fili ba. Ya ce kawai bindigar ta koma tari kamar tsohuwar akuya. Gaskiya ne, har yau ina kewar amsa-kuwwar da takan dawo mana daga gangaren gonakin inabi.

Ranar jana'izar Vendelin, Rostislav yana kusa da ni, hannunsa ɗaya a aljihun kwat. Da muka fito ya buɗe tafin ya nuna mini guntun bututun, ya yi sheƙi saboda yawan shafa. Ya mayar da shi aljihu, ya tambaye ni ko zan zo ramin yashi jibi.