Dokin da ya taka fili shi kaɗai

Mun tashi daga Rillieux-la-Pape, a gefen birnin Lyon na Faransa, bayan sallar asuba, ni da ɗiyar kawuna. Ita za ta buga gasar ƙwallon tebur a Saint-Denis, kusa da Paris, karo na farko tun da aka yi mata aiki a gwiwa. Ni rakiya ce tawa. Tun a gida ta ce in ƙafar ta ba ta kunya, ta bar wasan ke nan har abada.

Jirgin ƙasa daga Lyon ya ratsa gonaki kore shar, shanu farare suna kiwo ba makiyayi. Na leƙa wurin sayar da abinci, na ga kuɗin shayi, na dawo na kwance dambun naman da innarta ta ƙulle mana. A Paris muka shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, mai lamba goma sha uku, inda mutum ke numfashi da izinin na kusa da shi. Ina ta kare mata gwiwa da jakata, tana harara ta.

Da muka isa zauren gasar, abokiyar karawarta ba ta zo ba. A allo aka sa W.O. gaban sunan ɗiyar kawun nawa, wai ta wuce zagaye na gaba. Ta zauna ta fara kwance takalmi.

"Yaya, mu koma gida. Tausayina Allah ya ji, ya san ba zan iya ba."

Turanci na karanta a jami'a, amma ban cika son yin bayani ba, don tsoron kuskure. Duk da haka na ce mata haruffan nan walkover suke nufi, wato takawa a wuce. Kamar yadda na karanta, in ban ruɗe ba, daga sukuwar Ingila kalmar ta fito, inda ake caca a kan dawakai. In doki ya rasa abokin tsere, masu caca ba su da abin zubawa. Amma ba a aika masa kyautar har barga. Sai an ɗaura masa sirdi ya taka filin shi kaɗai, alƙali yana kallo.

"To yanzu ni ce dokin?"

"Ban ce ba. Na dai ce shi ma sai da ya fito fili."

Ta yi dariya har da ƙwalla, ta mayar da takalmin.

A zagaye na biyu wata doguwar Bafaranshiya ta cinye ta. Sai dai gwiwar ta riƙe har ƙarshe, ni kuwa na cije ɗankwalina har ya jiƙe.

Mun dawo Lyon da la'asar sakaliya. Abin da na koya, ina jin, shi ne in riƙa faɗin ɗan abin da na sani ko da ina tsoron kuskure. A ƙofar gida kawu ya tambaye ta yaya aka kwashe.

"An doke ni, Baba," in ji ta. "Talata ina da horo, ka aje mini mota."