Kwarin Kaka da Jar Dawa

A ƙauyenmu na kusa da Managil, hawashar babana ba ta ɓacewa mutum. Hawasha ita ce gonar da ake ba manomi a bakin magudanar ruwa. Ta kowa auduga ce da gajeriyar dawa, amma a gefen yamma na tamu akwai layi uku na wata jar dawa doguwa, wadda ba ta nuna sai kowa ya gama girbi. Maƙwabta suna yi masa dariya, suna cewa tsuntsaye yake nomawa. Shi dai sai ya ce, "Ta Kaka ce."

Kakan da yake nufi kakansa ne, wanda ban taɓa gani ba. An ce maharbi ne, yana cikin waɗanda suka yi yaƙi da Nasara a ƙasar Hausa, da aka ci su ya biyo masu hijira zuwa gabas da ƙafa, shekara da shekaru, har ya zauna a bakin kogi. 'Ya'yansa maza biyu ne. Babban ya tsaya can, ƙaramin ya taho nan yankinmu na Jazira tsinkar auduga, shi ne ya haifi babana. Abu biyu ya zo da su: irin dawar nan, da kwarin kibau na tsohon, baƙi wuluk, fatar duk ta tsattsage. Muna yara mukan leƙa cikinsa mu ƙirga mutanen da muke zaton ya harbe.

Da babana ya rasu, ni na ci gaba da shuka layi ukun. Kowace kaka nakan zaɓi zangarniya masu kyau in rataye a madafa, hayaƙi ya tsare su daga ƙwari.

Shekarar da faɗa ya iso mana muka bar gari da abin da hannu zai ɗauka. Na shiga ɗaki na ciro kwarin na cusa cikin zanena. Ban ko dubi madafa ba. Da muka dawo, rufin ya faɗa, babu ko ƙwaya ɗaya. Damina ta zo, na tsaya a gefen yamma na hawasha hannuna wayam. Ban taɓa jin maraici irin na ranar ba, ga ni da jikoki.

Abin da na sani game da zuriyar babban ɗan Kaka kaɗan ne, na rubuta shi a littafin da nake zuwa da shi ajin manya: suna wajen kogi, sun wuce Sinnar. Na jira sai da dawa ta fitar da kai, na kama 'yata ta fari muka hau bas. Ita Larabci ya fi zama a bakinta, tana ta cewa, "Inna, saboda dawa za mu yi wannan tafiyar? Ga ta nan cike da kasuwa." Na ce mata ta yi haƙuri.

A Dindir mun kwana biyu muna tambaya. Kowane gida da nasu kakan da ya yi yaƙi, kowa ya zo da ƙafa. Sunan namu ma mutum huɗu aka nuna mini masu shi. Sai wata mai sayar da shayi ta ji ina kwatanta dawar, ta ce, "Masu dawar da ba ta jin kira? Ku je Abu Na'ama, ku bi gonakin bayan gari."

Tun daga kan hanya na hango su. Layi uku, a yamma, sun fi mutum tsawo, kawunansu sun sunkuya. Na kama hannun 'yata muka nufi gonar.

Mai gonar tsohuwa ce ƙwarai, jikar Kaka ta wajen babban ɗansa. Ta sa aka dafa mana jabana, wato gahawa, ta saurare ni har na gama, sannan na kwance zane na miƙa mata kwarin. Ta juya shi, ta shinshina, ta yi dariya har da tari.

"Ɗiyata, wanga kika ɗauka kika bar iri?"

Na ce, "Gwaggo, ai shi ne gadon. Da shi ya yi yaƙi."

"Yaƙi! Ni na gane shi da idona, ina 'yar ƙarama. Gurgu ne, ga son barci. In anka tambaye shi yaƙi sai ya tashi ya ba akuya ruwa. Ranar da sunka watse, kibau nai ya zubar cikin daji, ya bi ta wata gona ya cika wanga da dawa. Duk inda damina ta riske su sai ya shuka, ya girbe, ya sake cikawa, su ƙara gaba. Abin da ya ciyar da su ke nan har nan."

Na tambaye ta dalilin yamma. Ta ce ita ma ba ta sani ba, amma da la'asar yakan zauna a can yana kallon inda rana ke faɗuwa.

'Yata ta ce wa tsohuwar, da Hausarta mai tsalle, tana kiranta kaka da Larabci, "Haboba, to wane irin mutum ne shi?"

"Irinki, mai yawan tambaya a wajen cin abinci."

Dawar ba ta gama nuna ba, sai tsohuwar ta sa aka sauko da ta bara daga madafarta. Da hannunta ta murje zangarniya biyu, tana zubawa a kwarin har ya cika, ta toshe bakinsa da tsumma.

"In kun sake gudu, Allah shi kiyaye, yanzu ɗauka guda ce."

Da damina ta dawo muka shuka, ni ina sara rami, 'yata tana jefa iri tana rufewa da diddige. Layi na biyu bai fito sosai ba. Na ɗaya da na uku sun fi ni tsawo.