Hagun Yaya Saratu

Yayata Saratu ta shekara talatin tana sayar da fura a bakin masana'antar siminti ta Malbaza, kuma ban taɓa jin wanda ya yabi furarta ba. Ana saye ne don tana da tsabta, ba ta tsuga wa nono ruwa, ba ta kuma tashi sai motar ƙarshe ta fita. Amma damun nata, Allah na tuba, kullum da gudaji. Direbobi kan ce furar Saratu sha ce da tauna. Ni Basira, ƙanwarta, da nake zaune gefenta da tiren gyaɗa, na san dalili.

Bahaguwa aka haife ta. A Tajaye muka tashi, ta girme ni da shekara biyu. Tana da shekara takwas Gwaggo A'i, ƙanwar babanmu, ta gan ta ta ɗauki ludayi da hagu za ta dama wa baƙo fura, gida ya ɗauka da salati. Washegari gwaggo ta ɗinka 'yar jakar tsumma, ta cusa hannun yarinyar a ciki, ta ɗaure a ƙugunta. Daga hantsi zuwa la'asar, har kwana arba'in. Haka ake yi wa bahago a gidanmu, ba mai ɗaukarsa mugunta. Ina tuna ta tana shara da hannu ɗaya, tsintsiya na faɗuwa tana ɗauka, ba ta kuka. Da aka kwance, hagun ya koyi zama a kan cinya, damar kuwa ba ta taɓa ƙwarewa ba.

Da wannan damar ta yi aure, ta raini 'ya'ya shida, ta binne miji, ta ci gaba da daka da damu. Kafaɗarta ta dama ta zama gidan ciwo, ni nake matsa mata ita da man kaɗanya. Ba mai yawan magana ba ce. Takan zauna ƙarƙashin rumfa, ƙurar siminti ta yi mata fari a gira, tana kallon titi kamar mai jiran motar da ta san ba za ta zo ba.

Shekara uku da suka wuce ɗanta Sadiƙu, mai kabu-kabu, ya ba ta tsohuwar wayarsa cike da fina-finan Hausa. A nan ta gamu da Yakuba Dogo. Ba jarumi ba ne irin wanda 'yan mata ke ajiye hotonsa. Wuyansa kamar mariƙin ludayi, haƙora kowane da inda ya dosa, ba ya rawa, ba ya waƙa, kuma ya ƙi sauya harshensa na Adar ya koma na Kano. Mai gadi ake ba shi, ko mahauci, ko mai amalanke, ya yi magana uku a kore shi daga fim ɗin.

Wata rana bayan azahar ta taɓa ni. "Basira, diba hannun da shika riƙe wuƙa."

Na duba, na ga mahauci yana yankan nama.

"Da hagu shika yanka," in ji ta. "Duniya na kallo, ba wanda yac ce mishi komi."

"To Yaya, ko in kai mishi goro?"

Ta yi dariya har ta riƙe kafaɗa. Rabon da in ji wannan dariyar har na manta.

Daga nan duk Larabar da ta je kasuwar Konni sayen gero sai ta tsaya shagon masu tura fim, ta ce a zaɓo mata waɗanda yake ciki. Labarin fim ɗin bai dame ta ba, wurinsa kawai take nema. Har wata hira aka sa mata, inda yake cewa masu shirya fim sun so ya sauya hannu. "Nic ce musu da dama nika ci, da ita nika gaisawa, wanga ladabi na. Aiki kau da wanda Allah Ya sa ma ƙarhi za ni yi. In ba ku so, ku sake ɗan wasa." Ta saurari maganar nan har ni ma na haddace, ba da son raina ba.

Amma ba ta sauya komai ba. Da dama take damu, gudaji na nan. Sai dai wani lokaci takan shafa hagun nata ta ce, "Shina nan, shina jirana. Wata rana za ki sha hura, Basira." In ce Allah Ya kai mu, in ci gaba da ƙulla gyaɗata.

Yanzu ga inda laifina yake. Bara da aka koma lakwal, wato makarantar boko, Sadiƙu ya zo mini da ƙorafi a kan 'yarsa Muhsina, mai shekara shida. Da hagu take rubutu, da hagu take karɓa, har a makarantar allo ana magana. Ni kuwa na ce ai abin da sauƙi, a gidanmu akwai maganinsa. Na ɗinka jakar da hannuna, ban ma yi tunanin gaya wa Yaya ba.

A kwana na uku Sadiƙu ya sauke yarinyar a rumfarmu da rana tsaka, zai kai fasinja. Saratu ta miƙa hannu biyu za ta ɗauke ta, sai ta ji abu a ƙugu. Ta ɗaga hijabin. Ta daɗe tana kallo, sannan ta sa haƙori ta kwance ƙullin.

"Inna, bari!" in ji Sadiƙu. "Kunya taka ba ni. Da hagu tam miƙa ma malam allo."

"A koya mata miƙawa da dama, a koya mata ci da dama. Ba a ɗaure ta."

"Ke ba an ɗaure ki ba? Ga ki lahiya lau."

Direbobi huɗu na kan benci suna jiran fura. A gabansu Saratu ta jawo ƙwarya, ta jefa fura, ta zuba nono, ta ɗauki ludayi da hagu. Na san abin da take so, ta nuna wa ɗanta irin hannun da aka raba ta da shi. Ni ma na sa rai.

Ludayin ya ƙi zama. Yatsun suka riƙe shi kamar kayan aro, ya zame. Ta sake kamawa, ta danna, ƙwaryar ta karkace, nono ya malale a ƙasa har ya taɓa takalmin wani direba. Ba wanda ya yi dariya, kuma da ma sun yi da ya fi mini sauƙi.

Ta kalli hannun, tana juya shi. "Shekara hamsin ina tsammani shina jirana," in ji ta a hankali. Sannan ta ɗaga shi saitin fuskar Sadiƙu, yana ɗigar da nono. "Ga lahiyar tawa. Ka gani?"

Sadiƙu ya sunkuyar da kai. Bai tada babur ba sai da fasinjan ya yi masa magana sau biyu. Saratu ta ninke jakar ta ajiye a kan tirena. "Na gane ɗunkinki," ta ce. Iyakar faɗan da ta yi mini ke nan, kuma har yau bai sake ni ba.

Ba a sake ɗaure Muhsina ba. Da hagu take rubutu, da dama take ci, kakarta ce ta koya mata. In an tashi lakwal takan zo rumfa su kalli Yakuba Dogo tare, yarinyar na dariyar haƙoransa. Saratu kuwa washegarin zubewar nonon ta dawo da ƙwaryarta, ta ɗauki ludayi da dama, direbobi suka sha suka tauna. Ina matsa mata kafaɗa har yanzu. Hagun yana kan cinyarta, amma ba ta ƙara cewa yana jiranta ba.