Baba Sai-ta-kwana ya bar mini kujerarsa

Ranar Talata, sha ɗaya ga Maris, da hantsi, ina tsaka da raba magani a ɗakin marasa lafiya, babbar 'yarka ta kira ni ta ce Baba ya cika. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ba zan ɓoye maka ba, Baba, tun ban share hawaye ba tsoro ya kama ni.

Shekara tara kana wakiltar ma'aikata a hukumar da ke kula da asusun fanshonmu, ni kuma ina mataimakiyarka. Tsohon direban motar asibiti ne kai, a tsakiyar masu digiri. Dokar asusun ta ce ba a zuba kuɗinmu a ko'ina sai wakilin ma'aikata ya sa hannu. Su kuwa sun saba, sai an kusa tashi daga taro a turo takarda, a ce sa hannu a nan. Kai sai ka ninke ta ka cusa a aljihu, ka ce sai ta kwana. Daga nan suka laƙaba maka sunan, suna dariya. Da yatsa kake karatu, layi bayan layi, abin da ba ka gane ba ka tambaya ko sau goma ne, ko a jikinka.

Shekarar da aka so sayen hannun jari a wani kamfanin sufuri, takarda ta ce motocinsu arba'in. Ka taka da ƙafarka har garejin, ka tarar da sha ɗaya, huɗu ma ba su da taya. Ka ƙi sa hannu. Ba a shekara ba kamfanin ya durƙushe. Ba wanda ya ce maka sannu, amma tsofaffinmu sun ci gaba da karɓar haƙƙinsu duk ƙarshen wata. Ban kuma manta da matar marigayi mai sharar asibitinmu ba, wadda fayil ɗin mijinta ya ɓata. Sau biyar kana raka ta ofis, har sai da aka zaƙulo shi a ƙarƙashin kabad.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Shugaban hukuma yana so a zuba kashi ɗaya cikin uku na asusun a otal ɗin da surukinsa ke ginawa. Sau biyu kana ƙi. Jiya a ƙofar gidanka, bayan ya gama ta'aziyya har da goge ido, ya ja ni gefe ya miƙo mini takardar. Ya ce ai kujerar tawa ce yanzu, ya kuma tuna mini cewa batun ƙarin girmana yana teburin amininsa.

Ni ba kai ba ce, Baba. 'Ya'yana uku suna makaranta, kuma ban taɓa yi wa babba musu ba. Amma guzurin tsufan mutum dubu huɗu ke cikin asusun nan. Ban san lokacin da bakina ya ce, "Ranka ya daɗe, sai ta kwana" ba. Bai yi dariya ba.

To, ta kwana. Tana cikin jakata, na bi ta da yatsa har ƙarshe, taron kuma gobe ne da ƙarfe goma.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa amanar da ka riƙe ta yi maka jagora zuwa Aljanna. Allah Ya bai wa matarka Inna da 'ya'yanka da jikokinka haƙurin wannan rashi. Ni kuma duk wanda ya karanta wannan ya taya ni da addu'a, Allah Ya hana hannun nan nawa ɗaukar biro gobe.